Adashi Da Kwamfuta: Ta Ina Sabon Shiga Zai Fara?

Daga wani ɗalibin koyon aikin malanta, Kumbiya-Kumbiya, Gombe

Ina so in faɗi ra'ayina a kan wani darasi wanda ya ke korar 'yan'uwanmu da yawa daga ilmin kwamfuta tun ba su ko ɗanɗana shi ba. Darasin kuwa shi ne na rubuta wa kwamfuta umarni bisa tsarin abubuwa, wanda masu Turanci su ke gajarta sunansa su ce O.O.P. Waɗanda su ka riga su ka gwanance ba da su na ke ba, su yi mini haƙuri. Maganata a kan sabon shiga ce, watau mutumin da bai taɓa rubuta wa kwamfuta ko layi ɗaya ba, irin yawancinmu ran da mu ka shigo kwalejin nan. Abin da na ke so in nuna shi ne, darasin nan ba shi da wuyar da a ke ba shi, ta bayan gida a ke shigar da mu cikinsa, shi ya sa mu ke ta karo da bango.

Ku duba yadda yawancin littattafai da takardun darasi da ke yawo a hannunmu su ke farawa. Tun a shafin farko sai a jero wa mutum manyan kalmomi huɗu, a ce su ne ginshiƙan wannan ilmi: killacewa, da gado, da yawan siffa, da tsame abin bukata. Kowace a ba ta fassara mai layi uku da Turanci mai tsauri. Sa'an nan a kawo misalin Dabba, a ce Kare ya gaji Dabba, Kyanwa ma ta gaji Dabba, Kare yana haushi, Kyanwa tana kuka. Ɗalibi ya haddace duka, ya zuba su a takardar jarrabawa, ya ci maki. To, madalla. Amma a zaunar da shi gaban kwamfuta a ce ya rubuta abin da zai lissafa kuɗin makarantar yara goma, sai ka ga ya yi zuru yana kallon allo kamar baƙon da ya sauka a tasha da tsakar dare. Bai san abin da ya haɗa haushin kare da kuɗin makaranta ba, kuma gaskiyarsa, gama ba wanda ya nuna masa.

Abin mamaki, mu ne fa mutanen da a ke karanta wa hanyoyin koyarwa safe da yamma. Malamanmu na sashen ilmi kullum suna nanata mana cewa a fara daga abin da yaro ya sani zuwa abin da bai sani ba, daga abin da ya ke gani da ido zuwa abin da sai da tunani. Sun gaya mana labarin Pestalozzi, mutumin ƙasar Suwizalan wanda ya rayu daga 1746 zuwa 1827, wanda ya dage a kan yaro ya ga abu, ya taɓa shi, ya juya shi, kafin a ba shi sunansa da bayaninsa. A makarantar mishan da na yi firamare, da 'ya'yan tsamiya da murafun kwalba a ka koya mana sau kafin a sa mu rera jadawalinsa. Duk wanda ya je gwajin koyarwa ya fara darasin lissafi da fassarar kalma, ya san abin da mai duba shi zai rubuta masa da jan biro. To, don me idan an zo kan kwamfuta a ke kifar da wannan ƙa'ida, a ba mu suna tun ba mu ga abin ba?

Bari mu waiwaya mu ga inda tsarin nan ya samo asali, gama asalinsa yana goyon bayan maganata. A birnin Oslo na ƙasar Norwe, cikin shekarun 1960, akwai waɗansu masana biyu, Kristen Nygaard da Ole-Johan Dahl. Aikinsu shi ne su sa kwamfuta ta kwaikwayi al'amuran duniya masu sassa da yawa, irin layin mutane masu jiran a sallame su, inda kowa ya ke da lokacin zuwansa da bukatarsa da tsawon jiransa. Harsunan kwamfuta na zamanin ba su dace da irin wannan aiki ba, sai su ka ƙirƙiro nasu, su ka sa masa suna Simula. A cikin wanda su ka fitar a 1967 ne a ka fara ganin mazubi da abu da gado kamar yadda mu ka san su yau. A 2001 a ka ba su lambar Turing, wadda ita ce babbar lambar girma a fagen kwamfuta, su biyun kuma su ka rasu a 2002. Watau dai wahala ce ta fara zuwa, sa'an nan dabara ta biyo baya don ta warware ta. Ba su zauna su ka tsara kalmomi huɗu ba tukuna su ka shiga neman inda za su yi amfani da su.

Bayansu sai Alan Kay na Amurka, wanda shi ne ya raɗa wa tsarin sunan da a ke kiransa da shi. Shi ya karanta ilmin halittu da lissafi, sabo da haka ya ɗauki manhaja kamar jikin mai rai, ƙwayoyi da yawa, kowace tana riƙe da cikinta, suna aika wa juna saƙo. A cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto, shi da abokan aikinsa, cikinsu har da Dan Ingalls da Adele Goldberg, su ka fito da harshen Smalltalk tun daga 1972. Ga wurin da na ke so 'yan'uwana malaman gobe su lura: yara 'yan makaranta su ka riƙa kawowa suna gwada harshen a kansu, yaran suna zane da shi, suna sa siffofi su yi motsi a allo. Abin da a ka gwada a kan yara tun shekaru hamsin da su ka wuce, shi ne yau ya ke sa ƙato mai gemu gumi a ɗakin jarrabawa. Lalle akwai gyara a wajen masu kawo mana shi.

To, ta ina za a fara? Ni a ganina, a bar maganar abubuwa gaba ɗaya har mako biyar ko shida. A cikin wannan lokaci sabon shiga ya koyi abubuwa ƙanana waɗanda ba makawa sai da su: yadda a ke ajiye lamba ko suna a ma'aji a sa masa laƙabi, yadda a ke cewa idan kaza ya faru a yi kaza, yadda a ke sa kwamfuta ta maimaita aiki sau ɗari ba gajiya, yadda a ke jera abubuwa a jeri guda, da yadda a ke ɗaure 'yan layuka a ba su suna don a kira su duk lokacin da a ke so. Ya rubuta da hannunsa, ya ga kwamfuta ta ƙi, ya nemi inda ya bar waƙafi ko baka, ya gyara, ta karɓa. Sa'an nan a ba shi wani aiki wanda zai fi ƙarfin waɗannan kayan aikin kaɗan, a bar shi ya sha rana, don ya san daɗin inuwa idan an kai shi gindinta.

Aikin da na ke ba da shawara kuwa ba daga nesa za a ɗauko shi ba. Duk wanda ya tashi a Kumbiya-Kumbiya, ko Bolari, ko Jekadafari, ko Herwagana, ya san adashi. Da wuya ka sami layin da babu uwar adashi, mai littafinta da jakarta, wadda mata su ke kai wa zubi ran da a ka yanka, kowace kuma tana jiran ranar kwasarta. Mu ɗauka mata ashirin ne, kowace tana zuba naira 1,000 a mako, mai kwasa ta tafi da naira 20,000. A ce wa ɗalibi ya mayar da littafin uwar adashi cikin kwamfuta.

Da kayan aikin da ya koya, abin da zai yi shi ne ya buɗe jeri uku: jerin sunaye, jerin abin da kowace ta zuba, da jerin makon kwasa. Ta farko a jerin sunaye ita ke da lamba ta farko a sauran jerin biyu, haka har ta ashirin. Abin zai yi aiki sarai, ɗalibi ya yi murna. Sai malami ya ce masa, to, ta bakwai ta yi aure ta koma Kumo, a cire ta. Ɗalibi ya share sunanta daga jerin sunaye, ya manta bai share kuɗinta daga jeri na biyu ba. Nan take ta takwas ta hau kan kuɗin ta bakwai, ta tara ta hau kan na ta takwas, lissafin mata goma sha uku ya rikice, kwamfuta kuwa ba za ta ce uffan ba, gama ita ba ta san akwai dangantaka tsakanin jerin nan uku ba. A cikin kan ɗalibi kaɗai dangantakar ta ke. Wanda ya taɓa ganin rigimar adashi a unguwa, har ta kai gaban mai unguwa, ya san wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Malami ya ƙara masa da cewa a sa lambar wayar kowace, a sa bashin da a ke bin ta, jeri ya zama biyar, kowane gyara sai an yi shi wuri biyar. A nan ne ɗalibi da bakinsa zai ce, shin babu yadda za a ɗaure duk abin da ya shafi mace ɗaya wuri guda?

Ran da ya yi wannan tambaya, ran nan ya isa a koya masa tsarin abubuwa, kuma cikin awa guda zai kama abin da haddar wata uku ba ta ba shi ba. Sai a ce masa, akwai. Dubi katin da uwar adashi za ta iya bugawa, mai gurbin suna, da gurbin zubi, da gurbin makon kwasa. Katin da ba a cike ba, shi ne abin da masu Turanci su ke kira kilas, ni kuwa na fi so in ce mazubi, don kada a rikita shi da ajin makaranta. Kamar akwatin buga bulo ya ke: shi kansa ba a gini da shi, amma kowane bulo daga cikinsa ya ke fitowa. Katin da a ka cike da sunan mace guda da kuɗinta, shi ne abu. Mazubi ɗaya, abubuwa ashirin. In ta bakwai ta tashi, sai a zare katinta ɗungum, da sunan da kuɗin da makon, ba abin da zai zame.

Akwai ƙari guda wanda katin takarda ba shi da shi. Abu na cikin kwamfuta, ban da bayanan da ya ke riƙe da su, yana kuma da ayyukan da ya iya. Ga yadda a ke rubuta shi da harshen Python, don mai karatu ya ga ba dodo ba ne:

class Mamba:
    def __init__(self, suna):
        self.suna = suna
        self.zubi = 0

    def zuba(self, kuɗi):
        if kuɗi > 0:
            self.zubi = self.zubi + kuɗi

Layi na farko yana cewa ga mazubi mai suna Mamba. Na biyu zuwa na huɗu suna cewa duk lokacin da a ka buga sabuwar mamba, a ba ta suna, zubinta kuma ya fara daga sifiri. Sauran suna cewa mamba ta iya aiki guda, watau zuba, kuma ba za ta karɓi kuɗin da bai wuce sifiri ba. Kalmar nan self da ta ke ta maimaituwa, ma'anarta ni kaina, watau wannan katin da ke hannu, ban da sauran goma sha tara. Shi ke nan. Ku lura kuma har ɗ mai lanƙwasa na sa a cikin kuɗi, Python kuwa zai karɓa, gama tun fitowar Python 3 a 2008 a ka yarda mutum ya raɗa sunaye da haruffan harshensa.

Yanzu sai a komo kan manyan kalmomin nan huɗu, za a tarar uku daga ciki ɗalibi ya riga ya san su tun yana goye. Killacewa ita ce dokar da kowace uwar adashi ta ke tsare da ita: ba mai sa hannu a jaka, ba mai ɗaukar biro ta gyara littafi da kanta. Mai son zubi ta bi ta ƙofar zubi, mai son kwasa ta bi ta ƙofar kwasa, a bakin kowace ƙofa kuma akwai sharaɗi, kamar cewa ba a kwasa sau biyu a zagaye ɗaya. Amfanin wannan ga mai rubuta manhaja shi ne, in lissafi ya ɓaci ya san ƙofofin da zai bincika, in kuma doka ta sake wuri ɗaya zai gyara. Sai dai a gaya wa ɗalibi gaskiya, Python ba ya kulle jakar da kwaɗo, alama kawai a ke sawa a gaban suna don a san na ciki ne, a dogara ga mutunci. Harshen Java, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1995, shi ne mai kwaɗo, in ka taɓa abin da a ka killace ba zai ko yarda manhajar ta tashi ba.

Tsame abin bukata kuwa, ai uwar adashi ba ta rubuta tsawon mace ko nauyinta ko yawan 'ya'yanta. Katin asibiti yana bukatar nauyi, na adashi ba ruwansa. Mace ɗaya ce, amma kowane littafi yana ɗaukar abin da ya shafe shi ya bar saura. Wannan a bakin faɗa ya fi kowanne sauƙi, a wajen aiki kuwa ya fi kowanne wuya, don sanin abin da za a bari sai an daɗe ana yi.

Yawan siffa, wadda sunanta na Turanci ya fi na kowa ban tsoro, ga ta nan a adashin zamani. Wata tana kawo tsabar kuɗi a hannu, wata tana turowa ta waya, wata tana aika yaro wurin mai POS. Uwar adashi kalma ɗaya ta ke faɗa wa kowa, a biya, kowace hanya kuma ta san yadda ta ke amsawa. Gobe in wata sabuwar hanyar biya ta fito, sai a ƙara ta a gefe, kalmar uwar adashi ba ta sake ba. Saƙo ɗaya, amsa iri iri. Alan Kay da kansa ya sha nuna cewa aika saƙon nan shi ne zuciyar al'amarin a wurinsa, fiye da mazubi da gado.

Saura gado, kuma a kansa na ke da 'yar magana. Littattafai sun fi son sa, don yana da daɗin zanawa a allo, uba a sama, 'ya'ya a ƙasa, kamar bishiyar zuriyar sarakuna. Ma'anarsa a gina sabon mazubi a kan tsoho, ya ɗauki duk abin da tsohon ya ke da shi ya ƙara nasa. Yana da wurinsa: biya ta waya da biya a hannu duka biya ne, suna iya gadon kwanan wata da adadi daga uwa ɗaya. Amma sabon shiga da ya ji daɗinsa sai ya riƙa sa shi ko'ina. A adashi akwai mai hannu biyu, watau mai zuba ninki ta kwasa sau biyu. Ɗalibi zai yi wuf ya buga sabon mazubi na Mai Hannu Biyu wanda ya gaji Mamba. Jibi sai ga mai hannu uku, gata ga mata biyu sun haɗa hannu ɗaya, mazubai su yi ta haihuwa. Alhali gurbi ɗaya za a ƙara a katin, a rubuta yawan hannu, magana ta ƙare. Ba ni kaɗai na ke wannan ƙorafi ba. Wani sanannen littafi da masana huɗu su ka fitar a 1994, mai suna Design Patterns, ya shawarci masu sana'ar su fi karkata ga haɗa abubuwa da juna bisa ga dogara da gado. Don haka ni da za a bi tawa, gado shi zai zo ƙarshe, a kuma rage masa yawan maki.

Na san akwai masu ja da wannan tsari nawa, kuma ba ƙananan mutane ba ne. Waɗansu malamai sun ce a fara da abubuwa tun ranar farko, don kada hannu ya saba da wata hanya ya ƙi sakewa. Michael Kölling da John Rosenberg sun fitar da wata manhaja mai suna BlueJ a 1999 a Jami'ar Monash ta Ostareliya musamman don haka, inda ɗalibi zai ga mazubi a zane, ya danna ya buga abu, ya aika masa saƙo ya ga amsa. Ina girmama wannan, gama ko ba kome sun bi Pestalozzi, an ga abu kafin a ji sunansa. Amma hanyarsu tana son kowane ɗalibi ya zauna gaban kwamfuta tasa sa'o'i da yawa, kuma har yanzu ba ta amsa tambayar da ke cin sabon shiga ba, watau, me ya sa zan sha wannan wahala alhali layi biyar sun isa? Waɗansu kuma sun tsaya a ɗaya gefen. A 2011 Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, wadda ta shahara a ilmin kwamfuta, ta cire tsarin abubuwa daga darussanta na farko ta tura shi gaba. Wannan ya nuna ko a can ba a ɗauke shi farillar ranar farko ba. Amma mu ba za mu iya yar da shi ba, don yawancin manyan harsunan da a ke neman ma'aikata da su, irin su Java da Python da C++, cike su ke da shi, wanda kuma ya buɗe aikin wani don ya gyara, mazubai zai tarar.

Sai masu cewa ina kwamfutar, ina wutar? Wannan kuka ne na gaskiya, ba na raina shi. Amma rabin abin da na bayyana a sama ba ya bukatar wuta. A yanka kwali ashirin a raba wa 'yan aji, kowa ya zama mamba ya riƙe katinsa a ƙirji, ɗaya ya zama uwar adashi yana aika saƙo, kowa ya gyara nasa katin shi kaɗai. Wanda ya miƙa hannu zai taɓa katin wani, aji su yi masa ihu, ya karya killacewa. Sauran rabin kuwa, wayar Android da ke aljihun yawancinmu tana iya ɗaukarsa, akwai manhajoji irin su Pydroid waɗanda a ke rubuta Python a cikinsu a kuma gwada shi. Rubutu a ƙaramin allo akwai gajiya, na yarda, amma layi takwas ɗin can ba su fi saƙon da mu ke aika wa abokai kowane dare tsawo ba. Masu tsoron Turanci kuma su kwantar da hankali, kalmomin da Python ya keɓe wa kansa 35 ne kacal, waɗanda sabon shiga zai bukata kuwa ba su kai rabi ba. Sauran sunaye duk naka ne, ka raɗa su da Hausa ko Fulatanci ko Tangale ko Tera, kwamfuta ba ta da ƙabila.

Akwai kuma sabuwar magana da ta shigo tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, cewa wai me zai sa mutum ya koya, tun da na'ura tana rubuta manhaja in an tambaye ta? Tana rubutawa kam, har da sauri. Amma ba ta san cewa a adashin layinku uwar adashi ce ta ke fara kwasa ba, ko cewa an yafe wa mai jego jinkirin mako guda, sai in ka gaya mata. In kuma ta ba ka layi ɗari biyu, wa zai duba ya tabbata ba ta bar ƙofar kwasa sau biyu a buɗe ba? Mu malamai mun fi kowa sanin cewa wanda bai iya lissafi ba ba ya iya duba takardar lissafi.

Dalilin da ya sa na damu har na ɗauki alƙalami shi ne, abin ba a kanmu zai tsaya ba. Garin nan namu yana da Kwalejin Ilmi ta Tarayya mai koyar da fasaha tun 1977, da Jami'ar Jihar Gombe tun 2004, ga ta Tarayya a Kashere tun 2011, ga Kwalejin Ilmi a Billiri. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta duka ta kwamfuta, a 2023 kuma Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin 3MTT da nufin horar da mutum miliyan uku a fannin fasaha. Ƙofofi suna buɗewa. Amma yaron Kumbiya-Kumbiya kafin ya isa ko ɗaya daga cikinsu, ta hannunmu zai bi, a firamare da ƙaramar sakandare. In mun fita da kalmomi huɗu a ka, su za mu rubuta masa a allo, ya kwafa, ya haddace, ya tashi da imanin cewa kwamfuta karatun aku ce ta 'ya'yan masu hali. Yaron da a ka kora a aji ɗaya na sakandare da wuya ya komo. 'Yan mata kuwa, waɗanda su ne su ka fi kowa sanin adashi don su a ke aika da zubi, su a ke fara rasawa.

Sabo da haka ina da roƙo biyu. Na farko ga malamanmu, tare da ladabi: a jarrabawa a rage tambayar kawo ma'anar kaza, a ba mu wani abu daga cikin gari, ko littafin kiran suna na aji, ko lissafin mai Keke Napep da mai kekensa, ko bashin mai shago, a ce mu fitar da mazubansa, mu faɗi abin da kowanne ya ke riƙe da shi da abin da ya iya, mu kuma faɗi abin da mu ka bari da dalilin barinsa. Wanda ya haddace kawai ba zai tsallake wannan ba, wanda ya gane kuwa ko Turancinsa da rauni za a ga ganewarsa a takarda.

Na biyu ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda ba sashen kwamfuta su ke ba su ke ganin abin ba nasu ba ne. Idan an yi hutu, kowa ya je wurin uwar adashin layinsu, ya gaishe ta, ya roƙe ta ta bayyana masa dokokinta, ba tare da ya kwafi sunan kowa ko kuɗin kowa ba, gama wannan amana ce. Ya rubuta dokokin a takarda, ya fara da jeri uku kamar yadda na faɗa, ya cire ta bakwai ya ga abin da zai faru. In mun dawo sai mu haɗu a ɗakin karatu ran Asabar da hantsi, mu huɗu huɗu a kan waya ɗaya, mu gwada na wa zai riƙe lissafin mata ashirin har zagaye ya ƙare ba a yi rigima ba.